Yadda Google ke jera shafuka: mahaɗai, sauran ma'aunai, da abin da ke fitowa idan an nemi Gure

Duk wanda ya rubuta sunan Gure a Google, ko ya rubuta shi yadda yake a takardun hukuma, wato Gouré, zai samu amsa tun bai ɗaga yatsa daga waya ba. Galibi abin da ke zuwa a sahun gaba shi ne shafin Wikipedia, taswira, hasashen yanayi, sai rahotannin ƙungiyoyin agaji da binciken jami'o'i kan kwaruruka da tuddan rairayi. Abin da mutanen garin suka rubuta da hannunsu, kamar sanarwar hukumomin gari, farashin kasuwa, labarin makarantu ko tarihin Muniyo daga bakin masu shi, sai an yi ta jan shafi ƙasa kafin a gan shi, in ma akwai shi.

Babu wani ma'aikaci da ke zama yana tsara wannan jeri da hannu. Lissafi ne ke yin sa, kuma lissafin yana da abubuwan da yake aunawa. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa a cikinsu shi ne mahaɗi, wato kalma ko hoton da ake latsawa a wani shafi ya kai mutum zuwa wani shafin, wanda masu jin Faransanci suka sani da lien. Sanin yadda ake wannan awo yana da amfani ga mai neman labari, don kada ya ɗauka cewa amsar farko ita ce gaskiya, da kuma ɗan kasuwa, malami ko ƙungiyar da ke son a gan su.

Ayyuka uku na injin bincike

Google, Bing na kamfanin Microsoft, Yandex na Rasha da Baidu na Sin duk injunan bincike ne, kuma aikinsu kashi uku ne.

Na farko shi ne yawo. Akwai manhaja da ke bin intanet dare da rana, ta buɗe shafi, ta karanta shi, ta bi mahaɗan da ke cikinsa zuwa wasu shafukan. Ta Google sunanta Googlebot. Shafin da babu wani mahaɗi da ke kaiwa gare shi, kuma mai shi bai sanar da injin ba, yana iya daɗewa ba a san da shi ba, kamar gidan da babu hanyar da ta biyo ta ƙofarsa.

Na biyu shi ne ajiya. Abin da manhajar ta karanta ana zuba shi cikin wani babban kundi, inda kowace kalma ke da jerin shafukan da ta fito a ciki. Google ya ce kundinsa ya ƙunshi ɗaruruwan biliyoyin shafuka. Idan mutum ya yi tambaya, cikin wannan kundi ake dubawa, shi ya sa amsa ke zuwa da sauri.

Na uku shi ne jeri. Shafukan da ke ɗauke da kalmar da aka nema suna iya kai dubbai ko miliyoyi, mai waya kuwa da wuya ya wuce na farkon nan biyar ko goma. Wanda zai zo gaba da wanda zai koma baya, a nan ake yanke shi.

Lokacin da ake ƙirga kalmomi

Injunan farko, irin su AltaVista da aka buɗe a watan Disamba 1995, sun fi dogara ga abin da shafi ya faɗa game da kansa: sau nawa kalmar ta fito, tana cikin take ko a'a, da kuma jerin kalmomin da mai shafi ke ɓoyewa a bayan shafi don injin ya karanta. Ba a daɗe ba masu wayo suka gano lagon. Mutum sai ya maimaita kalma sau ɗari da farin rubutu a kan farin shafi, ido ba ya gani amma injin yana ƙirgawa, ya haye gaba da shafin da ba shi da komai a ciki.

Hausawa sun ce yabon kai jahilci. Injunan bincike ma da haka suka ƙare. A watan Satumba 2009 Google ya fito fili ya ce ba ya amfani da wancan ɓoyayyen jerin kalmomi wajen jera shafuka.

Mahaɗi a matsayin shaida

A 1996 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka fara gwada wata hanya. Maimakon a tambayi shafi ko shi wane ne, sai a duba su wa suka nuna shi. Tunanin ya samo asali daga duniyar masana, inda darajar takardar bincike ke ƙaruwa gwargwadon yawan masanan da suka ambace ta. A shekarar ce kuma Robin Li, wanda daga baya ya kafa Baidu, ya ƙirƙiro tasa hanyar ta auna mahaɗai. Page da Brin sun gabatar da aikinsu a 1998, lokacin kundinsu yana da shafuka kimanin miliyan 24, kuma a watan Satumba na shekarar suka kafa kamfanin Google. Lissafin nasu aka sa masa suna PageRank.

Wanda ya san kasuwar dabbobi ba zai sha wahalar gane shi ba. Baƙo ya kawo raƙumi, ya rantse nasa ne, lafiyarsa lau. Mai saye ba ya tsayawa kan rantsuwar, sai ya ga dillalin da ya tsaya masa. Dillalan ma ba ɗaya suke ba. Akwai wanda kasuwa duka ta san shi, akwai wanda jiya ya fara. Kuma dillalin da ke tsaya wa duk wanda ya zo, shaidarsa ba ta kai ta wanda ke zaɓe ba.

Haka PageRank yake. Kowane mahaɗi shaida ne. Nauyin shaidar ya danganta da darajar shafin da ya ba da ita, darajar wannan shafin kuma ta fito ne daga waɗanda suka nuna shi. Sannan shafi yana raba darajarsa ne tsakanin duk mahaɗan da ke cikinsa.

Ga misali da alƙaluma, bisa lissafin na asali. A ce wani babban shafi yana da maki 100. Kashi 85 cikin ɗari na makin ne ake rabawa. Idan mahaɗai 4 gare shi, kowanne zai tafi da maki 21.25. Idan mahaɗai 50 gare shi, kowanne zai samu 1.7 kawai. A gefe guda, ƙaramin shafi mai maki 10 da ya nuna shafi ɗaya tak zai ba shi 8.5, wato ninki biyar na abin da aka samu daga babban shafin mai mahaɗai 50. Ana maimaita wannan rabo a kan dukan shafuka, zagaye bayan zagaye, har alƙaluman su daina motsi.

Wannan 85 ɗin yana da ma'ana. A ɗauka wani mutum yana yawo a intanet yana latsa mahaɗai ba tare da zaɓe ba. Sau 85 cikin 100 yana bin mahaɗi, sau 15 kuma ya gaji ya tsallaka zuwa wani shafi na daban. Shafin da wannan mutum ya fi yawan samun kansa a ciki shi ne mafi daraja.

Daga 2000 Google ya riƙa nuna wa jama'a makin kowane shafi, daga 0 zuwa 10. A 2016 ya janye wannan, amma ya ce har yanzu wani sabon salo na PageRank yana cikin ma'aunansa.

Abin da ke ƙara wa mahaɗi nauyi ko rage shi

Yau ba a tsayawa ga ƙirga. Ana duba abubuwa da dama game da kowane mahaɗi.

Kalmomin da aka rataya mahaɗin a kansu suna gaya wa injin abin da shafin ya ƙunsa. Mahaɗin da aka rubuta "farashin kanwa a Gure" ya fi wanda aka rubuta "latsa nan" ba da bayani. Wannan ma an taɓa wasa da shi. A 2003 wasu mutane suka haɗa baki suka yi ta nuna shafin tarihin shugaban Amurka George W. Bush da kalmomin ba'a, har ya zama duk wanda ya nemi waɗannan kalmomi shafin shugaban ke fito masa. Sai a farkon 2007 Google ya toshe wannan kafa.

Dangantaka ma tana da tasiri. Shafin da ke magana kan noman dabino a kwaruruka ya fi amfana da mahaɗi daga shafin RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta Nijar, ko daga jami'ar André Salifou ta Damagaram, fiye da mahaɗi daga shafin caca na wata ƙasa mai nisa.

Yawan gidajen da shaida ta fito daga cikinsu ya fi yawan mahaɗan kansu muhimmanci. Mahaɗai 100 daga gida guda kamar mutum ɗaya ne ya maimaita magana sau 100.

Akwai kuma mahaɗan da mai shafi ke sa musu alamar cewa bai tsaya musu ba. An shigo da wannan alama, mai suna nofollow, a 2005, domin maganin masu cika wuraren sharhi da tallar shafukansu. A 2019 aka ƙara alamomi biyu, ɗaya ta mahaɗin da aka biya kuɗi, ɗaya ta wanda masu ziyara suka sa. Duk mahaɗan da ke fita daga Wikipedia zuwa wasu shafuka suna ɗauke da alamar nofollow. Saboda haka cusa adireshin shafinka a Wikipedia ba hanyar hawa ba ce.

Cinikin mahaɗai da sakamakonsa

Da mahaɗi ya zama abin daraja, sai aka buɗe kasuwarsa. Wasu suka kafa ɗaruruwan shafukan bogi da ba su da aiki sai nuna juna da nuna wanda ya biya. Dokokin Google sun hana saye da sayar da mahaɗi don hawa jeri, kuma manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana hukunci. A 2006 an cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga kundi na ɗan lokaci, saboda yana nuna wa injin wani abu, yana nuna wa mutane wani. A watan Fabrairu 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo dubban mahaɗan bogi da ke ɗaga kantin J.C. Penney na Amurka, Google ya tura shi can baya. A watan Janairu 2012 Google ya hukunta shafin manhajarsa ta Chrome, bayan an gano an biya kuɗi a wata tallarta da ta saɓa wa dokar.

An kuma gyara lissafin kansa. Gyaran da aka sa wa suna Panda a watan Fabrairu 2011 ya rage darajar shafukan da ke cike da kwafe da rubutun da ba shi da nama. Na Penguin a watan Afrilu 2012 ya bi ta kan mahaɗan bogi. Daga 2016 aka fi karkata ga yin watsi da irin waɗannan mahaɗai, a ƙirga su a matsayin sifili. Ramin ƙarya ƙurarre ne: wanda ya aiko saƙo yana cewa a ba shi kuɗi ya samar da mahaɗai dubu a mako guda, a mafi sauƙi kuɗin ne za su tafi a banza, a mafi muni shafin ya faɗi.

Sauran ma'aunai

A 2016 wani jami'in Google ya lissafa mahaɗai cikin ma'aunai uku mafi girma. A 2023 wani jami'in kamfanin, Gary Illyes, ya ce sun daɗe da fita daga ukun farko. Suna nan da tasirinsu, amma sun samu abokan tafiya da yawa. Google ba ya bayyana cikakken lissafinsa. Da aka fitar da wani ɓangare na asirin Yandex a watan Janairu 2023, an ga jeri mai ma'aunai 1,922, abin da ke nuna girman al'amarin. Ga waɗanda aka fi sani.

Ma'anar tambaya. Google ya ce kashi 15 cikin ɗari na tambayoyin da yake samu kowace rana bai taɓa ganin su ba. Don haka yana ƙoƙarin gane nufi, ba kalmomi tsura ba. RankBrain na 2015 da BERT na 2019 manhajoji ne masu koyo daga ɗimbin rubutu. Gwargwadon yawan rubutun da harshe ke da shi a intanet, gwargwadon yadda suke fahimtar sa. A nan Faransanci da Turanci sun yi wa Hausa nisa, Hausa kuma ta yi wa Barbarci da Tubanci nisa.

Abin da shafi ya ƙunsa. Take, kanun sassa da jikin rubutu su ne ke nuna ko shafin ya amsa tambayar. Mahaɗai dubu ba za su kawo shafin da ke magana kan gero a gaban mai neman kuɗin mota zuwa Diffa ba.

Sabunta. Mai neman sakamakon jarrabawa ko farashin buhun hatsi na yau yake so. Mai neman tarihin sarautar Muniyo kuwa tsohon rubutu ba ya cutar da shi. Injin yana rarrabe irin waɗannan tambayoyi.

Wuri da harshe. Tambaya guda tana samun amsa daban a Gure, a Yamai da a Kano. Tun watan Oktoba 2017 Google yana bin inda waya take ne wajen zaɓen ƙasa, ko da wane adireshinsa mutum ya buɗe. Adireshin da ya ƙare da .ne alama ce ta Nijar, wanda ya ƙare da .ng na Nijeriya ne. Idan kanti, masauki ko gidan magani ake nema, Google ya ce abu uku yake dubawa: dacewa da tambayar, kusanci, da shahara.

Waya, sauri da tsaro. A watan Agusta 2014 aka fara ba da ɗan fifiko ga shafin da adireshinsa ya fara da https, wato mai kare bayanan mai ziyara. A watan Afrilu 2015 aka fara fifita shafin da ke karantuwa a waya. Yanzu kamannin shafi a waya shi Google ke ɗauka ya ajiye. Ma'aunin da ya sa shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Wanda ke sayen megas da ƴan kuɗinsa a layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom ya riga ya san amfanin shafi marar nauyi.

Latsawar jama'a. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google a 2023, wani babban jami'in kamfanin, Pandu Nayak, ya ba da shaida kan wani tsari mai suna Navboost, wanda ke amfani da bayanan abin da mutane suka latsa cikin watanni 13 da suka wuce. Ke nan zaɓin masu nema yana komawa cikin lissafin. A watan Agusta 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike ta hanyar da ta saɓa wa doka.

Ƙwarewa da amana. Google yana da dubban mutane da ke duba sakamakon bincike su ba shi maki bisa wani kundin ƙa'idoji. Makinsu ba ya ɗaga wani shafi kai tsaye, ana amfani da shi ne a gane ko lissafin yana aiki. Ƙa'idojin sun fi tsanani kan lafiya, kuɗi da tsaro, inda bayanin ƙarya ke iya cutar da mutum.

Suna guda, rubutu iri-iri

Sunan Gure kansa misali ne na wahalar da injin ke sha. A takardun hukuma Gouré ne. Masu waya da yawa suna rubuta Goure ba tare da alamar saman ba. Da Hausa Gure ne. Amma a Faransancin titi, gouré kalma ce da mutum ke faɗa idan ya yi kuskure. Akwai garin Gure a ƙaramar hukumar Lere ta jihar Kaduna. Akwai Güre a Turkiyya. A harshen mutanen Baske na Sifen da Faransa, gure na nufin "namu". Injin yana rarrabe su ne ta wurin inda mai tambaya yake, harshen wayarsa, da kalmomin da ya haɗa. Tun 2012 Google yana da wani kundi na daban na wurare, mutane da abubuwa, wanda ke taimaka masa ya gane cewa Zinder da Damagaram, ko Niamey da Yamai, suna iya nufin wuri guda.

Haruffa masu lanƙwasa ma suna raba kan rubutu. Wani ya rubuta ƙ, ɗ, ɓ, wani ya bar su k, d, b. A Nijar ana rubuta ƴ, a Nijeriya 'y. Ƙaramin rubutun Hausa da ke intanet sai ya sake rarrabuwa gida-gida.

Dalilin da ya sa muryar Gure ta yi ƙaranci

Gure tana kan babbar hanya mai lamba 1, sama da kilomita 150 gabas da Damagaram, a kan hanyar Maine-Sorowa da Diffa. Ƙidayar 2012 ta ba ƙaramar hukumar sama da mutum 70,000. Tsohon gari ne mai tarihi: Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya biyo ta nan a watan Disamba 1852, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, lokacin tana mazaunin sarkin Muniyo. Abin da ya rubuta yana cikin littattafan da aka daɗe da sa su a intanet, masana kuma suna ta ambatar su. Haka binciken da aka yi kan rairayin da ke barazana ga kwaruruka: yana zaune a shafukan jami'o'i da na ƙungiyoyin duniya, waɗanda dubban shafuka ke nunawa. A ma'aunin mahaɗai, waɗannan manyan dillalai ne.

Mutanen garin kuwa ba shiru suka yi ba. Maganarsu tana wuraren da injin ba ya shiga ne. Saƙonnin WhatsApp a rufe suke, Googlebot ba ya karanta su. Rufaffun zaurukan Facebook ma haka. Shirin rediyo da saƙon murya, in ba a rubuta su ba, ba sa shiga kundin kalmomi yadda rubutu ke shiga. Sanarwar da aka ɗauki hotonta aka tura ta waya zuwa waya tana iya zagaye gari cikin sa'a guda, amma bayan wata guda mai nemanta a Google ba zai same ta ba.

Sakamakon a bayyane yake. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, ɗan kasuwar da ke neman inda zai sayi kanwa ko dabino, ma'aikacin da aka turo aiki, ɗan garin da aka haifa a Libiya ko Legas, duk da idon baƙo za su fara ganin Gure. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma injin bincike abin da aka rubuta aka sa a buɗaɗɗen shafi kawai yake iya jerawa.

Akwai wani sauƙi a cikin wannan gibi. Tambayar da ba ta da masu amsa da yawa ba ta buƙatar tarin mahaɗai. Shafi guda mai kyau da Hausa kan ranakun kasuwannin gundumar, daga Subdu zuwa Gidigir, ko kan yadda ake kafe tudun rairayi da shinge da dashe, yana iya zuwa gaba da mahaɗai biyu ko uku na gaskiya, domin babu wanda ke gogayya da shi.

Ga mai son a ga shafinsa

A sa bayani a buɗaɗɗen shafi mai adireshinsa, sannan a rarraba adireshin a WhatsApp da Facebook. Ta haka saƙo ya isa ga jama'a yau, ya kuma zauna don mai nema na baɗi.

A rubuta shi da haruffa. In hoton takarda ne ko murya, a sa rubutaccen bayaninsa a ƙasa.

Kowane shafi ya tsaya kan batu guda, takensa ya faɗi batun da wurin. A ambaci sunan gari da Hausa da kuma yadda yake a Faransanci, sau ɗaya ko biyu, ba tare da cusawa ba.

A sa kwanan wata, sunan marubuci ko ƙungiya, da inda aka samo alƙaluma.

A nemi mahaɗi daga waɗanda ake aiki da su da gaske: makaranta, ƙungiyar manoma ko makiyaya, abokin hulɗa, jaridar da ta ɗauki labarin. Idan ɗan jarida ya yi amfani da bayaninka, roƙonsa ya nuna shafinka ba laifi ba ne. Kai ma ka nuna na wasu in sun cancanta.

A rage nauyin hotuna, a gwada buɗe shafin a ƙaramar waya inda layi ba shi da ƙarfi.

A yi rajistar shafin a Search Console, wanda Google ke bayarwa kyauta. Yana nuna ko an ajiye shafin, da kalmomin da mutane suka nema suka same shi, da waɗanda suka nuna shi. Mai shago, gareji ko masauki kuma yana iya sa wurinsa a Google Maps kyauta, da lokutan buɗewa.

Ga mai nema

Amsoshin da ke can sama masu alamar Sponsorisé talla ce. Masu su sun biya kuɗi, kuma ba su bi ta ma'aunan da aka bayyana a nan ba. Biyan kuɗin talla ba ya ɗaga shafi a jerin da ke ƙasa.

Zuwa na farko yana nufin shafin ya fi sauran samun maki a lissafin, wato ya dace da tambayar, an nuna shi, an latsa shi. Tsohon alƙalami ko kuskuren da shafuka da yawa suka kwafa yana iya zama a sama shekara da shekaru. A duba kwanan wata da mai shafin, a kwatanta da wani.

Taƙaitacciyar amsar da ƙirƙirarriyar basira ke rubutawa a saman sakamako, wadda Google ya fara fitarwa a Amurka a watan Mayu 2024 kafin ya faɗaɗa ta, daga waɗannan shafuka take ɗebowa. Inda shafukan suka yi ƙaranci ko suka yi kuskure, ita ma haka za ta fito. A buɗe mahaɗin da ke gefenta a ga tushen maganar.

A ƙara wa tambaya kalmar da za ta fayyace ta, kamar "Gure Damagaram" ko "Gouré Zinder". A gwada da Hausa, a gwada da Faransanci, domin amsoshin ba ɗaya ba ne. Idan jimla takamaimai ake nema, a sa ta tsakanin alamun zance. Idan cikin gida guda ake so a duba, a rubuta site: a manne da adireshinsa, sannan kalmar da ake nema. Rubuta site:.ne tare da sunan gari yana taƙaita amsa ga shafukan da ke da adireshin Nijar.